Maginan Japan Da Matar Da Ke Bayan Naira Ashirin

Wani tsohon ɗalibina da ya gama sakandare bara ya zo gaishe ni a gida, nan Takur, ran wata Asabar da la'asar. Bayan mun gaisa, an ɗebo masa ruwa a randa ya sha, sai ya zaro wayarsa ya ce, "Malam, dubi wani abin mamaki." Na sa tabarau na duba. Wani ɗaki ne a ƙasar Japan. Mutum shida ko bakwai suna zaune, kowa da wani faifai a gabansa yana juyi kamar katantanwa, da curin yumɓu a bisa. Wani dattijo yana bin su ɗaya ɗaya yana gyara musu hannu. Kafin ka ce kwabo curin nan ya miƙe, ya buɗe baki, ya zama kwano. Yaron ya ce, "Malam, kwas ne fa. Baƙi suke zuwa su biya a koya musu. Ina ma a ce akwai irinsa a ƙasarmu."

Na ce masa ya ba ni Naira ashirin in yana da ita. Ya yi dariya, ya lalube aljihu, ya sami wata tsohuwa da ta sha jiki. Na ce ya juya bayanta ya gaya mini wa ya gani. Ya ce wata mata ce tana aikin tukunya. Ya ƙura ido ya karanta sunan, Ladi Kwali. Ya sha jin sunan, amma bai san labarinta ba. Ban ga laifinsa ba, gama mu malamansa ba mu taɓa gaya masa ba.

An taɓa yin irin wannan makaranta a ƙasarmu, matar nan kuwa a cikinta ta yi suna. In ka kama igiyar makarantar ka bi ta a hankali, za ta ratsa da kai ta Ingila ta kai ka har Japan. Labarin da na ba yaron ke nan a ranar, shi ne kuma na ga ya kamata in rubuta wa iyaye.

LIYAFAR DARE ƊAYA

Cikin 1909 wani saurayi mutumin Ingila, sunansa Bernard Leach, ya tafi Japan. Mai zane ne, bai san kome a kan yumɓu ba. Cikin 1911 aka gayyace shi wata liyafa a birnin Tokiyo. Ana cikin hira sai aka kawo wa baƙi ƙananan kwanonin ƙasa marasa ado, aka ba kowa burushi ya zana abin da ya ga dama. Aka tsoma kwanonin cikin wani ruwa mai kauri, aka sa su cikin wani ɗan tanderun gawayi. Tun ba a watse ba sai ga su an zaro su da awartaki, jawur, suna hucewa launinsu yana fitowa, suna ƙyalli. Japanawa suna ce wa irin wannan gashi raku. Daga wannan dare hankalin Leach ya koma kan ginin tukwane, bai sake barinsa ba har mutuwarsa cikin 1979.

Saboda haka kada kowa ya raina darasin yini ɗaya, irin wanda ɗalibina ya gani a waya. Amma a dubi abin da Leach ya yi bayan liyafar. Ya nemi malami, ya sami wani tsohon magini da ake kira Kenzan na shida, watau na shida a jerin maginan da suka gaji wannan suna, ya zauna a hannunsa wajen shekara 2.

Har yanzu koyon gini iri biyu ne a Japan. Akwai na baƙi, na sa'a ɗaya ko biyu. An riga an cuɗa maka yumɓun, malami ya daidaita maka curin a tsakiyar faifai, kai dai ka jiƙa hannu ka ɗaga. In ka gama ka zaɓi launi, ka tafi abinka. Masu wurin su ne za su shanya, su gasa, su aiko maka bayan makonni. Wannan kamar a ɗora yaro bisa doki ne a riƙe masa linzami. Ya hau kam, zai kuma yi ta ba da labari.

Akwai kuma na almajirci. Almajirin magini yakan fara da shara, da faskaren itace, da tankaɗen toka, yana kallon maigida ta wutsiyar ido. Sa'an nan a sa shi cuɗar yumɓu. Suna da wata irin cuɗa da suke kira kikuneri: a danna curin da gindin tafin hannu, a ɗan juya shi, a sake dannawa, har ninkin ya jeru kamar ganyayen fure. Dalilinta shi ne a fitar da iskar da ta maƙale a ciki, laima kuma ta zama ɗaya ko'ina, gama yumɓun da bai cuɗu ba yakan yi gardama a kan faifai, ya kuma tsage a wuta. Maginan can suna da karin magana cewa cuɗa shekara 3 ce, faifai kuwa shekara 10. Sa'ad da aka yarda almajiri ya hau faifai, ƙoƙon shayi iri ɗaya zai yi ta yi, ɗari bisa ɗari. Maigida ya zo ya sa zare ya raba ɗaya biyu, ya dubi kaurin jikinsa, ya mai da su duka cikin kwatarniya a sake cuɗawa. Duk wanda ya yi zaman koyo a maƙera ko a gaban maɗinki a ƙasar Hausa ya san wannan hanya, ba baƙuwarmu ba ce.

Faifan ne baƙo a gare mu. Masu karanta littafin Irmiya sura 18 sun san an ambaci magini yana aiki a kan irinsa, kullum kuwa yara a aji sukan rasa gane abin da ake nufi, domin maginanmu ba su aiki da shi. Faifai ne mai nauyi a kan sanda, ana juya shi da ƙafa ko da hannu, yanzu kuma da lantarki. Tukunya ce take juyawa, magini yana zaune wuri ɗaya.

MUTUMIN MASHIKO

Cikin 1920 Leach ya koma Ingila tare da wani abokinsa Bajapane, Shoji Hamada. Suka kafa magina a wani garin masunta da ake kira St Ives, suka gina tanderu irin na Japan. Shi wannan tanderu a jikin tudu ake gina shi, ɗaki bisa ɗaki kamar matakala. A hura wuta a ɗakin ƙasa, zafin ya riƙa hawa yana ratsa na sama. Kwana biyu ko uku, wani lokaci fiye, ana jefa itace dare da rana ba barci, har zafin ya kai digiri 1,250 zuwa 1,300. Mai karatu ya tuna a digiri 100 ruwa yake tafasa. A irin wannan zafi yumɓu yakan haɗe ya yi ƙarfi kamar dutse, ruwa ba ya ratsa shi. Ruwan ƙyallin da ake tsoma tukunya a ciki kuwa ba wani abin asiri ba ne. Toka ce da garin dutse da ɗan yumɓu aka dama, wuta ta narkar da su suka zama gilashi a jikin tukunyar. Abin da muke kira tangaran ke nan.

Bayan shekara 3 Hamada ya bar Ingila, cikin 1924 ya zauna a Mashiko, wani ƙaramin gari mai nisan kamar kilomita 100 arewa da Tokiyo. Tun 1853 ake gini a garin, amma kayan talakawa suke yi: randuna, da butocin shayi, da kwanonin niƙa kayan miya. Manyan masu kuɗi ba su ɗauke su a bakin kome ba. A lokacin Japanawa ma sun fara yin abin da muke yi yau, suna watsar da kayan gida suna rububin na masana'anta. Hamada da wani abokinsa masani, Soetsu Yanagi, suka tashi suna gaya wa mutanensu cewa kwanon da wani magini marar suna ya yi domin a ci tuwo a ciki, yana da kyan da ya isa a tsaya a duba. Suka yi ta tara irin waɗannan kaya daga ƙauyuka, har cikin 1936 suka buɗe musu gidan ajiya a Tokiyo.

Hamada ya yi aiki da yumɓun Mashiko, da dutsen yankin, da tokar buntun shinkafa. Galibin tukwanensa ko hatimin sunansa ba ya sa musu. Cikin 1955 gwamnatin Japan ta sa shi cikin mutanen farko da ta ba matsayin da ake kira dukiyar ƙasa mai rai. Wanda aka ba wannan matsayi ana ba shi kuɗi kowace shekara domin ya koya wa na baya, kada sana'ar ta bi shi kabari. Tun 1966 ake cin babbar kasuwar tukwane a Mashiko sau biyu a shekara, ɗakunan koyar da baƙi kuma sun yawaita a garin. Baƙin nan da suke biya su taɓa yumɓu, darajar da mutanen ƙasar suka fara ba kayansu ce ta jawo su.

YADDA ABIN YA ISO ABUJA

Almajirin Leach na farko a St Ives wani saurayi ne da ya fito daga jami'ar Oxford, Michael Cardew. Ya shiga cikin 1923. A lokacin wani magini Bajapane mai suna Matsubayashi yana wurin yana sake gina tanderun, yana kuma koya wa almajirai sha'anin wuta da yumɓu. Shi Cardew bai yi almajirci a Japan ba, zuciyarsa ma ta fi karkata ga tsofaffin tukwanen ƙauyen Ingila. Amma ya ɗauki ra'ayin gidan: ka yi kayan amfani, ka yi su da abin da ƙasarka ta ba ka, ka gasa da itace.

Cikin 1942 ya tafi ƙasar da yanzu ake kira Gana, ya sha wahala iri iri, ya koma gida cikin 1948 ba lafiya. Cikin 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauke shi jami'in ginin tukwane. Ya zaga ƙasar nan yana duba yumɓu, yana zama wurin magina. An zaci zai ce a watsar da gini irin na gargajiya a kawo na zamani. Sai ya rubuta wa gwamnati cewa tukwanen gargajiya sun dace da aikinsu sarai, suna jure wutar murhu, suna sanyaya ruwa, ga araha, a bar su yadda suke. Abin da ya ga za a ƙara shi ne tangaran, domin masu shan shayi da masu cin abinci a faranti, waɗanda a lokacin daga waje ake kawo musu.

Wurin da aka zaɓa shi ne Abuja. Kada yara su ruɗe, ba babban birnin tarayya na yanzu ba ne. Tsohuwar Abuja ce, garin da sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa cikin 1828, wadda ta ba sabon birnin sunanta bayan 1976 ta koma Suleja. Akwai yumɓu a wurin, ga itace, ga ruwan kogin Iku, ga ƙauyukan Gwari kewaye inda mata suka gwanance da gini. Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma yi aikin koyarwa kafin sarauta, ya karɓi abin hannu bibbiyu. Cikin 1952 aka fara aiki. Samari Hausawa da Gwarawa da na wasu ƙabilu suka koyi haƙar yumɓu da tace shi, da juya faifai da ƙafa, da haɗa ruwan ƙyalli daga toka da duwatsun ƙasar, da kwana a bakin tanderu.

A gidan Sarki ne Cardew ya fara ganin waɗansu randuna da suka tsai da shi. Ya tambayi mai ginin, aka ce wata mata ce daga Kwali.

LADI

An haifi Ladi wajen 1925. Ba ta yi makarantar boko ba. Tun tana yarinya ta koyi gini a wurin gwaggonta, irin na Gwari: a ajiye curin yumɓu, a huda tsakiyarsa, a riƙa jan jikinsa sama da yatsu, ana ƙara masa murɗaɗɗen yumɓu kamar igiya. A nan tukunya ce take zaune, magina ce take kewaya ta tana ja da baya. Sa'an nan a yi ado da wuƙar kara, a mirgina murɗaɗɗen zare a jikin ɗanyen yumɓu ya bar sawu. Ladi takan zana kadangare, da kunama, da kada, da hawainiya, da kifi, da tsuntsu. Tun kafin wani Bature ya san da ita, mutanen yankin sun san hannunta, manya suna sayen randunanta su ajiye domin ado.

A ƙarshen 1954 ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko. Ta koyi faifai, ta yi farantai da kofuna da kwanoni kamar kowa. Amma ba ta bar ginin gwaggonta ba. Ta ɗauki yumɓun makarantar mai jure babbar wuta ta gina randa da hannu yadda ta saba, ta zana dabbobinta, ta cike zanen da farar ƙasa, aka rufe da ruwan ƙyalli aka gasa a tanderu. Abin da ya fito ba a taɓa ganin irinsa ba, a Kwali ko a Ingila. Aka nuna kayan Abuja a Landan cikin 1958, da 1959, da 1962, nata suka fi jan ido. Ta je Ingila ta yi gini a gaban ɗaliban manyan makarantu, cikin 1972 ta zaga Amurka. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta cikin 1977, gwamnatin tarayya ta ba ta babbar lambar yabo ta masana cikin 1980. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984, shekara guda bayan Cardew.

Ga wani abin da yakan ba ni sha'awa. A Mashiko akwai wani almajirin Hamada, Tatsuzo Shimaoka, ɗan mai saƙar igiya. Abin da ya yi suna da shi, har aka ba shi matsayin dukiyar ƙasa cikin 1996, shi ne mirgina igiya a jikin ɗanyen yumɓu, a cike sawun da farar ƙasa. Dabarar matan Gwari ke nan, da abin da Ladi ta ƙara a Abuja. Shi ya duba tsofaffin tukwanen ƙasarsa da sana'ar ubansa, ita ta duba na gwaggonta, suka haɗu a wuri ɗaya.

Samari da yawa sun bi ta makarantar Abuja, waɗansunsu sun fi Ladi sauri a kan faifai. Me ya sa ita ce a jikin kuɗi? A ganina domin ba hannu wofi ta zo ba. Ta zo da aikin shekara 20 a yatsunta, ta san abin da take so ta ɗauka a wurin Bature da abin da ba za ta saki ba. Matan da suka biyo ta, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto, su ma ƙwararrun magina ne tun daga gida.

INDA ABIN YA GAZA

Ba zan ɓoye wa mai karatu ɗaya gefen ba. Burin gwamnati shi ne ɗalibai su koma garuruwansu su kafa ƙananan magina su ci abinci. An buɗe rassa a Sakkwato da Kano, ba su daɗe ba. Tangaran ɗin Abuja yana da tsada, gama tanderu yana cin itace da kwanaki, wani gashin kuma rabin kayan su lalace. Matar aure a Kano da za ta yi wa ɗiyarta jere, langa da fanteka take so, masu fure, marasa nauyi, waɗanda ba su fashewa. Masu sayen kayan Abuja galibi Turawa ne da manyan ma'aikata da masu tara kayan ado a ƙasashen waje. Cardew ya bar aiki cikin 1965, wani Bature, Michael O'Brien, ya gaje shi har 1972, shi ne kuma daga baya ya taimaka aka kafa magina a Maraba kusa da Kaduna da kuma Bwari. Iri bai ɓace ba, amma bai cika gona ba.

Randar Ladi mai ƙyalli ma, duk da kyanta, ta yi nauyin da mace ba za ta so ɗauka ba, ba ta kuma sanyaya ruwa. Randarmu ta gida a buɗaɗɗiyar matoya ake gasa ta, da kara da ciyawa da kashin shanu, zafin bai cika wuce digiri 800 ba. Saboda haka jikinta yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta kwashe shi, ta tafi da zafin, kamar yadda gumi yake sanyaya jikin manomi. In ka rufe ƙofofin da gilashi ka kashe randar, ta zama abin kallo.

Wanda ya fi kowa gane wannan a zamaninmu a nan Dutse ya yi aiki. Marigayi Mohammed Bah Abba malami ne a Kwalejin Fasaha ta Jihar Jigawa, ya kuwa tashi a gidan magina. Cikin shekarun 1990 ya ɗauki tukunya ƙarama ya sa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Kayan lambun da aka sa a ƙaramar suka daina ruɓewa da wuri. Bisa ga rahoton masu kyautar Rolex, waɗanda suka ba shi kyautarsu cikin 2000, yalon da yakan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27. Ya sa magina suka gina dubbai ya rarraba a ƙauyukan Jigawa, da farko da kuɗin aljihunsa. Ilimin makaranta ya gaya masa dalilin sanyin, amma a gida ya san tukunya. Uwar da tumatirinta zai yi mako bai ruɓe ba, ba dole ne ta fid da ɗiyarta daga aji ta ɗora mata talla kowace safiya ba.

GARGAƊI BIYU

Yaranmu suna ganin abubuwa a waya suna so su gwada, wannan kuwa abin murna ne. Amma iyaye su lura da abu biyu.

Na ɗaya itace. Japan ƙasar daji ce da ruwan sama mai yawa. Mu a Jigawa hamada tana ƙwanƙwasa mana ƙofa, matanmu suna sayen itacen girki da tsada. Tanderun da zai ci itace kwana uku ba namu ba ne. Wanda yake son tangaran da gaske ya nemi inda ake koyar da shi da tanderun gas ko na lantarki. Akwai sashen wannan aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Na biyu ya fi haɗari. Ruwan ƙyalli na toka ba ya narkewa sai da babbar wuta. Wanda ba shi da ita wani zai ba shi shawara ya sa dalma, ko garin cikin tsohon batirin mota, gama dalma tana narkewa da ƙaramar wuta ta ba da ƙyalli mai kyau. Kada a kuskura. Abinci mai tsami, kamar kunun tsamiya ko nono, yana jawo dalmar daga jikin kwano zuwa cikin mai ci, tana kuwa lalata ƙwaƙwalwar yara. Ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400 cikin 2010. Tukunyar da aka goge da dutse mai santsi, ko aka yayyafa mata ruwan makuba tana da zafi yadda Gwarawa suke yi, tana da nata ƙyallin, ba ta kuma cutar kowa.

Mu malamai ma muna da namu laifi. Sa'ad da muke yara akwai darasin aikin hannu, mukan je bakin kududdufi mu ɗebo yumɓu mu gina shanu da kasko. Yanzu a makarantu da yawa yaro yakan kawo tsintsiyar da aka saya a kasuwa, ko ma kuɗinta, a ba shi maki. Ni ma na karɓa, ba sau ɗaya ba. Sa'an nan mu zauna muna kukan yara sun gama makaranta ba aiki ba sana'a.

A GIDAN INNA

Asabar ta gaba na ɗauki yaron a babur muka tafi wani ƙauye a hanyar Kiyawa, wurin tsohuwar da matata take sayen randa a hannunta. Muka same ta a gindin bishiya ta kife wata tsohuwar tukunya, ta shimfiɗa yumɓu a bayanta tana bubbugawa. Haka ake fara gindin tukunya a wajenmu, in ya sha iska a cire a ɗora masa wuya da baki. Na ce, "Inna, sannu da aiki." Ta ce, "Yauwa Malam, yaya uwargidan? Randar ba ta yoyo dai ko?"

Na gaya mata abin da ya kawo mu. Ta ce ɗiyanta mata uku ba wadda ta ɗauki sana'ar, jikokin kuwa sun ce ƙazanta ce. Mutane sun koma roba, sai lokacin zafi in wuta ta ɗauke suke tunawa da ita. Yaron ya durƙusa ya nuna mata Japanawan nan a waya. Ta karɓa ta kalla har ƙarshe ba ta ce kome ba. Ta ce a mayar mata wurin da dattijon yake cuɗa. Ta kalla sau biyu. Sa'an nan ta ce, "Wannan tsohon ya san yumɓu. Sauran wasa suke yi."

Yaron ya ce, "Inna, za ki koya mini?" Ta dube shi daga takalmi har hula. Ta ce ya tuɓe takalmin, ya naɗe wando. Ta nuna masa ramin da ta jiƙa yumɓu, ta zuba dakakken tsingaro da ƙaiƙayi, ta ce ya shiga ya tattaka, duk tsakuwar da ƙafarsa ta ji ya tsince ta. Ya yi wajen sa'a guda yana gumi. Ya ce, "Inna, yaushe zan fara gini?" Ta sa hannu cikin yumɓun ta zaro tsakuwa biyu ta ajiye masa a tafin hannu, ta koma kan tukunyarta.

Ban zaci zai koma ba. Uwarsa ma ta aiko mini cewa ba domin ya taka laka ta biya masa kuɗin jarrabawa ba, sai da na je da Naira ashirin ɗin na yi mata bayani, ta ce to a gwada zuwa girbi. Yana zuwa kowace Asabar da kekensa. Kaskonsa na farko ya tsage a matoya. Na biyu ya fito a karkace, Inna ta ce ba za ta kai shi kasuwa da sunanta ba, sai ya kawo mana. Yana nan a tsakar gida, kajinmu suna shan ruwa a ciki.